Haƙar da Ba Ta Cimma Ruwa: Wasan Tono a Waya da Iyakar Shagala

Wasan tono wani nau'i ne na ƙananan wasannin kwamfuta da na waya, waɗanda matasa ke kira gem. Aikin mai wasa a cikinsa shi ne ya yi ta haƙa ƙasa yana nutsawa, yana tsintar zinariya ko lu'ulu'u, yana kauce wa dutsen da zai rufto masa ko dodon da ke bin sa cikin rami. Ƙa'idarsa ba ta da wuya, yaro ɗan shekara biyar zai gane ta ba tare da an karanta masa komai ba, kuma zagaye ɗaya ba ya wuce minti biyu ko uku. Duk da haka magidanci mai hankali, mai iyali da sana'a, yakan ɗauki waya da niyyar buga zagaye guda, sai ya farga awa biyu ta shuɗe. Ƙanƙantar wasan da girman ikonsa a kan zuciya su ne suka mai da shi tambaya ta addini da ta falsafa: me rai yake nema a ramin da ba shi da ƙarshe, kuma a ina nishaɗin halal yake tsayawa shagala ta karɓe?

Asalin wasan

Wasannin tono sun samo asali daga akwatunan wasa da ake jefa wa sulalla a shaguna da wuraren shaƙatawa na Japan da Amurka. A 1982 kamfanin Namco na Japan ya fitar da Dig Dug, inda wani ɗan mutum ke haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa, yana hura wa dodanni iska da famfo har su fashe, ko ya janye ƙasar da ke tallafe da dutse ya faɗo musu. Makin da ake samu yana ƙaruwa gwargwadon zurfin da aka kashe dodon, don haka wasan da kansa yake jan mai shi zuwa ƙasa. A 1984 Boulder Dash ya fito da tsintar lu'ulu'u a tsakanin duwatsu masu gangarowa. A 1999 Namco ya kuma fitar da Mr. Driller, wanda a cikinsa iskar numfashi take raguwa yayin da ake nutsawa, sai an tsinci wata a hanya. Akwai kuma Gold Miner da ya yaɗu a intanet da wayoyi: ƙugiya tana lilo dama da hagu, mai wasa ya sake ta, ta kamo curin zinariya ko ta kamo dutse mai nauyi marar daraja, ga lokaci yana ƙurewa.

Tsarin waɗannan wasanni yana da dalili na kasuwanci. Mai akwati yana cin riba ne idan zagaye ya ƙare da wuri, kuma wanda ya faɗi ya ji a ransa cewa saura ƙiris ya ci, ya sake jefa sulalla. Saboda haka aka ƙera su da saukin shiga da wuyar ƙwarewa. Da wasan ya koma cikin waya aka daina karɓar sulalla, amma ginin bai sauya ba. Yanzu talla ake nuna wa mai wasa tsakanin zagaye da zagaye, ko a sayar masa da ƙarin rai da kayan haƙa. Lokacinsa da hankalinsa su ne kuɗin shiga.

Yadda ya samu gindin zama a Kaduna

Wasan cinye lokaci ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dara ma a ƙasa ake haƙa gurabenta, talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, ana neman jera uku. A unguwannin arewacin kogin Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Unguwar Shanu, Badarawa da Kawo, an daɗe ana zaman majalisa a kan dara da daraf da ludo da karta. Sai dai waɗannan wasanni suna da iyakoki da suke zuwa tare da su. Dole a sami abokin karawa, dole a sami wuri, duhu yakan tashi 'yan wasa, kuma idan aka kira salla idon jama'a yana kan wanda ya ƙi miƙewa.

Zuwan wayar salula Nijeriya a 2001 ya fara rushe waɗannan iyakoki. Wasan maciji na wayar Nokia 3310 shi ne gem na farko da mutane da yawa suka sani, kuma shi ya fara nuna cewa mutum zai iya wasa shi kaɗai, a kan gado, cikin dare. Gidajen gem na PlayStation suka biyo baya, daga nan wayoyin Tecno da Itel da Infinix masu araha suka sa wasa a aljihun kowa. A yau mai keke napep da ke jiran fasinja a bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da yaron shago a titin Ahmadu Bello, da matafiyin da ke jiran jirgin Abuja a tashar Rigasa, duk za a iya ganin su kai a sunkuye, babban yatsa yana aiki.

Sigar da ta fi girgiza gari ita ce wadda ake kira mainin, wato haƙar kuɗin intanet ta hanyar danna waya. Manhajar Pi, wadda wasu da suka yi karatu a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ƙaddamar a watan Maris na 2019, tana buƙatar a danna maɓalli sau ɗaya a kowace awa ashirin da huɗu. A farkon 2024 Notcoin ta fito a Telegram, inda ake ta danna hoton sulalla ana tara maki, kuma a watan Mayu na shekarar aka sa ta a kasuwa, wasu suka sami kuɗi na gaske. A bakin matasa, ta fashe. Wannan fashewa ta buɗe ƙofa ga TapSwap da Hamster Kombat, wadda masu ita suka yi iƙirarin tana da 'yan wasa miliyan 300 a duniya. Abin ya zo daidai da lokacin da rayuwa ta yi tsanani bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira. A teburin mai shayi bayan Isha, ko a rumfar mai cajin waya idan babu wuta, akan ga saurayi ya ɗora waya a cinya yana buga ta da yatsu huɗu kamar mai kiɗan kalangu, wata wayar tana gefe tana jiran nata layin, ana tambayar juna amsar sirrin ranar da wasan ke nema. Da aka raba kuɗin Hamster Kombat ranar 26 ga Satumba, 2024, abin da akasarin mutane suka samu bai wuce 'yan daloli ba, bayan watanni ana danne-danne. Da yawa haƙarsu ba ta cimma ruwa ba, amma ba su ajiye waya ba, sun koma kan wata manhajar.

Abin da yake riƙe zuciya

Masana halayyar ɗan'adam sun gano abubuwa da dama da ke sa irin wannan wasa ya kama mutum. Na farko shi ne ladan da ba a san ranar zuwansa ba. Masanin nan Ba'amurke B. F. Skinner ya yi gwaji da tattabaru da ɓeraye, ya kuma wallafa sakamakon tare da Charles Ferster a 1957. Ya ga cewa dabbar da ake ba abinci bayan adadin dannawa da ba ta sani ba, wani lokaci da wuri, wani lokaci a makare, ta fi naci, kuma ta fi wuyar dainawa ko da an yanke abincin. Tono shi ne siffa mafi dacewa da wannan tsari, domin ƙasa tana ɓoye abin da ke cikinta. Kowane sara yana iya zama wanda zai fito da zinariya.

Na biyu ya shafi ƙwaƙwalwa. Binciken masani Wolfram Schultz a kan birai a shekarun 1990 ya nuna cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu sakin sinadarin dofamin sun fi motsawa idan lada ya zo ba zato, kuma da zarar dabba ta saba, motsin yakan koma kan alamar da ke nuna lada yana tafe. Ma'anar wannan ita ce ɗokin samu ya fi samun kansa ƙarfi wajen tura mutum. Shi ya sa mai wasa ba ya tsayawa ya more zinariyar da ya tono. Idonsa ya riga ya koma kan ta gaba.

Na uku shi ne daidaito tsakanin wuya da iyawa. Masani Mihaly Csikszentmihalyi ya bayyana wani yanayi na nutsuwa da mutum ke shiga idan aikin da ke gabansa bai fi ƙarfinsa ba kuma bai yi masa sauƙi ainun ba, manufa a fili take, sakamako yana zuwa nan take. A wannan yanayi mutum yakan manta da kansa da agogo. Masaƙi da mai ɗinkin hula da mai rubutun allo duk sun san shi. Wasan waya yana samar da shi da gangan, yana ƙara wuya kaɗan-kaɗan don kada mai wasa ya gaji ko ya fid da rai.

Na huɗu shi ne rashin wurin tsayawa. Littafi yana da shafin ƙarshe, ƙwallo tana da minti casa'in, rijiya tana ƙarewa inda ruwa ya ɓuɓɓugo. Wasan tono ba shi da ƙasan rami. Ana gama mataki wani yake buɗewa, ana faɗuwa maɓallin sakewa yana nan ƙarƙashin yatsa. Wasannin mainin sun ƙara da wasu igiyoyi: ƙarfin dannawa da ke ƙarewa ya sake cika bayan wasu awanni, kyautar kullum da ke rushewa idan aka tsallake rana guda, da ƙarin maki ga wanda ya jawo abokansa. Da haka wasan yake tsara wa mutum lokutan komawa gare shi a cikin yini. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma wannan turke ƙwararru ne suka kafa shi, kuma yana kama mai wayo kamar yadda yake kama wawa.

Matsayin wasa a shari'a

Musulunci bai haramta wasa a kan kansa ba. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma bar ta ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci. A hadisin Hanzala da Muslim ya ruwaito, sahabin ya ji tsoron munafunci saboda yakan shagala da iyali da dukiya idan ya bar majalisin Annabi, aka kwantar masa da hankali cewa kowane hali da lokacinsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi nasiha a littafinsa Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi yana kashe masa zuciya ya sa ya tsani karatu.

Hanin da ya zo a fili ya shafi caca da wasan nardi, wanda ake yi da ɗan lido. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya, suka kuma bayyana dalili: jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da kange su daga ambaton Allah da salla. A kan shaɗaranji, wato darar Larabawa da Farisawa, malamai sun saɓa. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta hana nardi da shaɗaranji duka biyu. Shafi'iyya sun tsaya a kan karhanci muddin babu caca. Daga cikin malaman zamani, Yusuf Alƙardawi ya halatta shaɗaranji da sharuɗɗa uku: kada ya sa a jinkirta salla daga lokacinta, kada caca ta shiga, kuma a kiyaye harshe daga zagi da alfasha.

Idan aka dubi wannan saɓani za a ga cewa mafi yawan hujjojin suna komawa ne ga abin da wasan yake cinyewa. Da wannan ma'auni wasan tono na waya, wanda ba a sa kuɗi a cikinsa kuma babu hotunan batsa, asalinsa halal ne, hukuncinsa yana sauyawa da halin mai yin sa. Wanda ya buga shi minti goma don ya huce gajiya bai yi laifi ba. Wanda ya kwana a kansa har Asuba ta kuɓuce masa, ko ya bar ɗinkin mutane a kan keke, ko matarsa tana magana bai ji ba, ya mai da halal hanyar tauye haƙƙi. Idan aka kai ga sayen akwatin kyauta da ba a san abin da ke ciki ba, ko zuba kuɗi don a ci ninkinsu, an shiga gonar garari da caca. Shi kuwa mainin yana da ƙarin tambaya a kan halaccin kuɗin intanet ɗin kansa, wadda malamai a Nijeriya da sauran ƙasashen Musulmi suka saɓa a kanta, amma ko a wajen masu halattawa tambayar lokaci tana nan daram.

Abin da rai yake nema

Hukunci yana faɗin abin da ya halatta, amma bai gama bayyana dalilin da ya sa rai yake son wannan rami ba. Alƙur'ani ya siffanta rayuwar duniya da wasa da wargi a wurare da dama, ciki har da aya ta 20 ta Suratul Hadid, inda aka jero su tare da ado da alfahari da gasar tara dukiya da 'ya'ya. Suratut Takasur kuma ta yi magana a kan gasar tarawa da ke shagaltar da mutane har su isa kabari. Akwai hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito mai nuna cewa ɗan'adam ko ya mallaki kwari guda na dukiya zai nemi na biyu, kuma ƙasa ce kawai take cika cikinsa. Wasan tono ƙaramin hoto ne na wannan ɗabi'a. An cire nauyin dukiya da amfaninta, an bar tarawar tsagwaronta: lamba tana hawa a fuskar waya, ba ta sayen ko ƙwayar gero, amma zuciya tana bin ta.

Masanin Faransa Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, ya kai ga irin wannan fahimta ta wata hanya. A ganinsa mafarauci ba zomon yake so ba, domin da za a ba shi kyauta ba zai gamsu ba. Farautar yake so, saboda tana hana shi zama shiru ya tuna da rauninsa da mutuwarsa. Malaman tarbiyyar zuciya suna kiran wannan gafala. Bisa wannan fahimta, abin da wasan yake sayarwa shi ne hutu daga tunani.

A nan ne ya kamata a yi wa mai wasa adalci. Saurayin da ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko Jami'ar Jihar Kaduna, ya yi hidimar ƙasa, ya shekara uku yana kai takardu ba amsa, yana zaune ne a duniyar da ƙoƙari ba ya haifar da sakamako a bayyane. A cikin waya kuwa kowace dannawa ana lissafa ta, ba a neman wanda ya san shi, ba a tambayar ɗan wane ne. Abin da yake nema a can, wato aikin da ake ganin amfaninsa da ci gaban da ake iya aunawa, buƙata ce ta gaskiya kuma mai kyau. Matsalar ita ce wasan yana ba shi ɗanɗanon aiki ba tare da amfanin aiki ba. Mai haƙar rijiya a ƙauye yana shan rana da ƙura, amma ranar da ya cimma ruwa unguwa guda za ta sha, kuma shari'a ta lissafa wannan cikin sadaka mai gudana. Awannin da suka tafi a ramin waya ba su bar komai da wani zai ɗiba ba. Hadisin da Buhari ya ruwaito a kan ni'imomi biyu da mutane da yawa suke yin hasararsu, lafiya da sararin lokaci, ya yi amfani da lafazin kasuwanci, na wanda ya sayar da haja mai tsada da araha.

Iyaka tsakanin nishaɗi da jaraba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin kwamfuta cikin kundin cututtuka da aka amince da shi a watan Mayu na 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa sarrafa lokacin farawa da dainawa, wasan ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin cutarwar. Sai abin ya yi illa ta gaske ga karatu ko sana'a ko iyali, yawanci na tsawon wata goma sha biyu, kafin a kira shi cuta. Hukumar ta bayyana cewa kaɗan ne daga masu wasa suke kaiwa wannan matsayi. Waɗannan alamomi sun yi kusa da sharuɗɗan malaman fiƙihu, domin duka ɓangarorin biyu suna auna ikon mutum a kan kansa da haƙƙoƙin da ke wuyansa.

Musulmi yana da ma'auni da yake zuwa masa sau biyar a rana. Idan ladanin Masallacin Sultan Bello ko na masallacin layi ya ɗaga murya, wanda ya iya kife wayar a tsakiyar zagaye ya miƙe, shi ne yake riƙe da wasan. Wanda ya ce bari ya ƙarasa wannan, ya sake cewa haka har aka sallame, wasan ne yake riƙe da shi. Wasu alamomin su ne ɓoye yawan lokacin da ake ɓatawa, fushi idan caji ya ƙare ko yaro ya katse, da sayen data da kuɗin cefane.

Maganin yana bin hanyar da cutar ta shigo. Tun da wasan ba shi da wurin tsayawa, sai mai shi ya kafa masa daga waje: lokaci ƙayyadadde, bayan an sauke farilla da aikin yini. Kashe saƙonnin tunatarwa na manhaja yana tsinke igiyar da take jawo mutum da ita, kuma kwana da waya nesa da shimfiɗa yana kare barci da Asuba. Wanda ya gwada iyakancewa ya kasa, goge manhajar ya fi masa, kamar yadda malamai suke hana halal idan ya tabbata yana kai wa ga haram. Gurbin da aka bari kuma yana buƙatar abin cikewa mai irin wannan daɗi na ganin ci gaba, kamar koyon sana'ar hannu, haddar Alƙur'ani shafi-shafi, ƙwallon yamma a filin unguwa ko a Dandalin Murtala, ko noman rani a bakin kogi. Ga yara, nauyin yana kan iyaye, waɗanda sukan miƙa waya don a sami shiru a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaro ya fi koyi da abin da ya ga hannun mahaifinsa yana yi a kan abin da bakinsa ya faɗa. Idan abin ya kai ga barin makaranta, rashin barci mai tsanani ko baƙin ciki mai ɗorewa, ya wuce nasiha kaɗai, yana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa, domin sau da yawa yawan wasan alama ce ta wata damuwa da ke ƙarƙashinsa.